Keken da Baffa Ya Ara

Shekarar da likita ya ce wa maigidana sukari ya fara yi masa yawa, ni na ɗauka tuwo za mu rage. Likita cewa ya yi ya riƙa motsa jiki, ko da tafiya ce a ƙasa daga gida zuwa ofis. Malam ya dawo Wurno ya duƙufa kan waya, yana kallon Turawa suna gangarowa daga kan duwatsu bisa kekuna kamar waɗanda kura ta koro. Daga nan ya yanke hukunci cewa tafiya a ƙasa ba ta dace da mutum mai tebur nasa na kansa a ofis ba.

Wata Asabar ya tafi Sakkwato, ya dawo da abu ɗaure a rufin mota. Da aka sauke, na zagaya shi. Tayoyinsa ɓul-ɓul, kowace ta kai kaurin damtsena, ni kuwa ba siririya ba ce.

"Malam, mi na wanga?"

"Keke na."

"To ina injin? Ko can ka baro shi wurin mai shago?"

Bai yi dariya ba. Ya gyara tsayuwa ya fara karatu. Faɗin taya, in ji shi, don yashi ne da laka, yadda raƙumi yake taka rairayi da faffaɗar ƙafa bai nutse ba. A gaba akwai sifirin mai shanye gargada. Ya danna kan keken, ya lotsa, ya dawo. Na ce to na baya fa? Ya ce baya babu, da gangan aka ƙera shi haka don ƙarfin ƙafa duk ya tafi ga taya.

Na ce, "Wato rabi sunka saida maka."

Ba sifirin kaɗai suka riƙe ba. Babu kariya ta ɗora kaya, babu madigadi, babu ƙararrawa, babu ma ƙafar da zai tsaya a kai. Sai an jingina shi da bango kamar mai jinya. Sirdin kuwa, na ga ludayin da ya fi shi faɗi.

Ranar farko da kaftani ya hau. Bai kai bakin layi ba sarƙa ta cafke gefen rigar, ya dawo yana tura keke da rabin shadda. Washegari sai ga shi cikin wandon roba da hular kwano, ni kuma na shige ɗaki don kada maƙwabta su tambaye ni.

Sun tambaye shi dai. Mutumin da kowa ya sani da babur, yau ga shi yana haki bisa keke, ai ba a rasa dalili. Masu babur suka riƙa tsayawa suna cewa ya kama kafaɗarsu su ja shi. Wani dattijo ya tare shi bayan sallar La'asar ya ce ya yi haƙuri, arziki da rashi duk na Allah ne. Innata ta aiko mini da shinkafa a ɓoye, da saƙon cewa mace ta gari ba ta tona asirin miji.

Shi ko a jikinsa. Duk Asabar da hantsi ya bi hanyar fadama wajen Magarya, ta kan kunyoyin da ke tsakanin fagagen albasa, inda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa ƙafa. Manoma su ɗago su ce, "Malam, ina zuwa?" Ya ce, "Ba ko'ina." Su dubi juna su ci gaba da ban ruwa. In ya dawo, laka ta ja masa layi tun daga ƙugu har ƙeya, kuma ba ya iya zama sai a karkace, domin duk ramin da gaban keken ya yafe masa, baya sai ta rama. Ni ce mai wanki, ni ce mai dafa ruwan gashi, shi kuwa shi ne mai lafiya.

Gaskiya dai ba a ƙinta, tumbin ya sauka, likita ya yaba. Wannan yabon shi ya jawo mana bala'i, don tun daga ranar ba mai cin abinci a gidan nan cikin kwanciyar hankali. Kowace loma sai an gaya maka yawan fedar da za ka taka kafin ta narke.

Ana haka Baffa ya zo. Ƙanen mahaifin Malam ne, yana zaune a ruga gaba da Rara da shanunsa, tsoho siriri kamar sandar da yake ratayawa a kafaɗa. Ya zo cin kasuwa ya biyo a gaisa. A zaure ya yi kiciɓis da keken. Ya tsaya, ya danna taya da babban yatsa yadda yake danna tozon sa in zai saya. Bai nemi izini ba, ya tattare riga ya ɗare, ya nufi yashin nan na bayan gidanmu da ke kayar da masu babur. Ya ratsa shi ya dawo, ko tangaɗi babu.

"Yaro, wanga abu ba ya nutsewa."

Malam ya washe baki. Karon farko ke nan da wani ya fahimce shi. Ya fara bayanin raƙumi, Baffa ya katse shi.

"Ara man shi kwana biyu. Mashaya ta yi nisa bana, gwiwa kuma ta hwara gardama."

Malam ya waiwayo ya dube ni. A gidansu ba a ce wa baffa a'a, ko da wuƙa ya ce a miƙo a yanka ka. Neman wanda zai kawo uzuri yake yi. Na tuna wanki, na tuna ruwan gashi, na gyara mayafi.

"Haba Baffa, mi na aro? Ai naku na."

Aka ɗaure keke a motar kasuwa, Malam yana tsaye yana ɗaga hannu kamar mai rakiyar alhazai.

Kwana biyun Baffa irin na makiyaya ne, ba a ƙirga su da rana. Damina ta faɗi, keke bai dawo ba. Lokacin hanyar da sauran lafiya, sai Malam ya hau babur ya tafi karɓowa, bayan ya gama yi mini bitar maganar da zai faɗa. Baffa ya tare shi da murna, ya sa aka yanka zabo, aka dama fura, ya tara mutanen ruga ya ce su ga ɗan da ya san darajar iyaye. Malam ya dawo da man shanu a kwalba. Na ce ina keke? Ya ce bai ga fuskar yin maganar ba. Zuwa na gaba ma bai tarar da keken ba, an tafi da shi kasuwar Goronyo. Ya sake shan fura, wadda likita ya hana shi, ya dawo da ƙwan zabi.

Sai bayan kaka Baffa ya kawo shi da kansa. Kututture ya farke tayar baya, an zagaya masu faci na garin Rabah kaf, babu mai irinta. Da aka sauke keken ban gane shi ba. An yi masa waldar kariya wadda za ta ɗauki buhun gero. Madubi biyu, furannin roba, tuntaye ja da kore suna lilo a kai, sirdi an naɗe shi da buzu. A hankali Malam ya kai hannu ya danna kan keken. Bai lotsa ba. Ya sake dannawa da ƙarfi.

Baffa ya ce, "Af, wanga wurin ya lalace tun can, yana ta tsalle kamar maraƙi. Na sa mai walda ya kashe shi. Kada ka damu da abin da na kashe, kai ɗana na."

Ni na juya na shiga madafa, don abin da ya taso mini ba na gaban suruki ba ne. Daga can na ji muryar Malam, siririya.

"Mun gode, Baffa. Allah shi ƙara girma."

"In ka samo taya ka aiko man. Rani na tahe."

Taya ta samu, daga Legas aka aiko ta bayan dogon jira, amma ba a aika wa kowa ba. Yanzu keken a ɗakina yake kwana, tsakanin gado da bango, an lulluɓe shi da zanen gadona mai kyau. Duk ranar kasuwa Malam ba ya zama zaure. In aka yi sallama da muryar tsoho, sai ya leƙo ta taga ya raɗa mini in je in ga ko wane ne, ni kuma in tashi in buge ƙaurina da feda, in fita ina ɗingishi.