Ƙahonin da Na Sayo wa A-kori-kurata

Ni dai karatuna na boko bai wuce aji uku ba, shi ma ukun rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina harbin ƙadangaru. Saboda haka in an ga na rubuta abin da bai hau ba game da injin mota, kada a tuhumi makanikai, laifina ne. Na daɗe ina tuƙa a-kori-kura tsakanin Daura da ƙauyukan da ke kewaye, amma abin da ke ƙarƙashin bonet na san shi ne kamar yadda mutum ya san cikin maƙwabcinsa. In ya yi ƙugi ka ji, abin da ya ci kuwa sai Allah.

Abin da ya riƙe ni a sana'ar nan ruga ɗaya ce a ƙasar Dutsi. Duk ranar kasuwar Mai'aduwa ni nake kai musu dabbobi. Dattijon rugar, wanda nake kira Baffa ko da yake da kaɗan ya girme ni, shi ke zama gaba kusa da ni, 'ya'yansa kuwa a baya tare da dabbobin. Motar da ya sa dabbarsa, ita kowa a rugar ke sa tasa. In ya bar ni, to an bar ni ke nan, sai in koma jigilar itace.

Wata shekara bayan kaka, motar ta fara wani irin tsaki in na taka mai, cis-cis-cis, kamar tsohuwa ta ga abin da ba ta so. Sai kuma hayaƙi ya fara shigowa gidan gaba. Ni hancina ya riga ya mutu, ban damu ba. Baffa kuwa kafin mu isa titi idanunsa sun yi ja, hawaye na bin gemunsa, yana tari yana ce mini ba komai. Sati uku muka yi a haka. A na huɗun babban ɗansa ya ja ni gefe bayan mun sauke kaya.

Ya ce, "Direba, tsoho ba zai gaya maka ba, yana jin kunyarka. Kwana biyu yake yi a kwance duk ranar da ya shiga motar nan. In kasuwa mai zuwa hayaƙin nan yana nan, akwai mai mota a Dutsi da ya daɗe yana zuwa gaishe mu."

Na san mutumin. Motarsa ta fi tawa ƙuruciya, shi ma ya fi ni.

Washegari na tafi gareji. Bakaniken da ke duba mini mota, wanda nake ce wa Injiniya don in ji daɗin ganin yana fasa kai, ya ɗaga bonet ya nuna mini wani baƙin ƙarfe manne a gefen inji. Ya ce sunansa manifol. Hayaƙi na fitowa daga ƙofofi huɗu na injin, wannan ƙarfe ke tattara shi wuri ɗaya ya miƙa wa salansa. Nawa ya tsage, har ana ganin baƙin toka a bakin tsagar.

Na ce a kai wa mai walda.

Ya ce, "Baba, sau biyu ana yi masa walda tun kafin motar ta zo hannunka. Ƙarfen zubi ne, ba ya riƙewa. Ka je Kano da wannan ɗin a hannu, ka ce a ba ka irinsa sak. Ka ji? Irinsa. Kada ka tsaya kallon wani abu."

Na ce na ji, ai ni ba yaro ba ne.

Kuskurena na farko shi ne da na bari taubashina ya ji labari. Dillalin shanu ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tun muna yara ba ya ganina bai taɓa ni ba. Ya ce mutumin da ya taɓa sayo makauniyar akuya ba za a bar shi ya shiga Kano shi kaɗai ba. Maganar akuyar gaskiya ce. Muka naɗe tsohon ƙarfen a buhu muka hau mota da sassafe.

A kasuwar kayan gyaran mota aka kai mu shagon wani mai fara'a. Na zazzage buhu na ce irinsa nake so. Ya shiga ciki ya fito da irinsa ɗin, na hannu, wanda aka ciro daga wata motar, duk ya yi tsatsa ja. Da ya tsaya a nan da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Sai ya koma ya fito da wasu guda biyu sababbi dal, suna ƙyalli kamar kwanon amarya. Su ba dunƙulen ƙarfe ba ne kamar nawa. Bututu huɗu ne kowanne da hanyarsa, sun lanƙwaso sun haɗu a ƙasa. Ɗaya bututunsa gajeru, ɗaya dogaye.

Ya ce, "Alhaji, wancan naka shaƙe inji yake yi. Waɗannan kuwa kowace ƙofa da hanyarta, inji ya yi numfashi."

Na ce to wanne ya fi numfashin?

Ya ce ya danganta. Dogon yana ba da ƙarfi in mota na jan kaya, gajeren kuma ya fi sauƙin ɗaurawa. Na ce to dogon. Ya ce amma in bututun ya cika faɗi, ƙarfin tashi raguwa yake yi, sai an hau titi a ga amfaninsa. Na ce to gajeren. Ya ce gajeren ba wani bambanci zan gani ba sosai, sai dai kyau. Na ce to mai tsatsar. Ya ce mai tsatsar lafiyarsa lau, amma wa ya san shekarun da ya yi yana shan wuta kafin ya zo nan, gobe ma yana iya tsagewa. Na tambaye shi wanne ne ba ya shigo da hayaƙi gidan gaba, don ni abin da ya kawo ni ke nan. Ya ce dukkansu, in an ɗaura daidai.

Na zauna a kan wata taya na rasa inda zan kama. Duk wanda na nuna, sai ya yabe shi ya kuma kushe shi a numfashi ɗaya. Wayata tana aljihu, lambar Injiniya tana ciki. Ban kira ba, don na san in na kira, kafin mu koma gida taubashina ya sa duk 'yan kasuwar shanu sun ji cewa sai da na nemi izinin sa'an ɗan cikina kafin in sayi ƙarfe.

Taubashina ya naɗe hannun riga ya ce, "Matsa, ɗan kawu. Kai tuƙi ka iya, shi ma da addu'ar fasinja. Saye aikinmu ne."

Ya durƙusa gaban ƙarafan nan uku kamar yadda yake durƙusa gaban bijimi. Ya fara da mai tsatsar. Ya leƙa bakinsa, ya sa yatsa ya shafo baƙi, ya girgiza kai ya ce wannan ya gama zamaninsa, mai shi ma don ya gaji da shi ya kawo shi kasuwa. Ya ɗaga gajeren ya jijjiga, ya ce maraƙi ne, bai isa aiki ba. Sai ya zo kan dogon. Ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa da zobensa ya kara kunne, ya ja da baya ya dube shi daga nesa, ya zagaya ya dube shi ta ɗaya gefen.

Ya ce, "Dubi ƙahoni. Dubi tsayuwa. Ko a garke ka ga wannan ai ka san shi ne uban."

Na ce, "Injiniya fa ya ce irinsa."

Ya ce, "Injiniya ya taɓa sayen ko ɗan tsako? In sanka ya mutu, mataccen sa kake nema irinsa sak?"

Wallahi a lokacin sai na ji maganar ta shige ni. Mai shago ya gwada tsohon da sabon baki da baki, ramukan noti suka hau daidai. Na ce shi ke nan, Allah ne ya nufa. Muka dawo da shi a kan cinyoyinmu, kowa a motar sai ya tambaya ko kayan masu kakaki ne.

Injiniya ya buɗe buhu ya daɗe yana kallon ƙahonin. Can ya ce, "Baba, wa ya raka ka?" Na gaya masa. Ya ce, "Na ga alama."

A jikin inji ya zauna lafiya. Daga nan ƙasa ne rigima ta fara. Bakinsa bai haɗu da salansa ba, sai da aka kira mai walda ya yanke tukunyar salansa ta tsakiya ya jona da wani bututu. Akwai wani faifan ƙarfe da ke tare zafi, shi ma ya ƙi komawa mazauninsa, aka jingine shi a bango. Da aka gama na leƙa ƙarƙashi, na ga ƙahonin sun sauko ƙasa fiye da na da, da kamar tafin hannu. Na tambayi Injiniya ko da matsala. Ya ce a kan kwalta babu. Na ce to ai ni rabin hanyata ba kwalta ba ce. Ya ce ya sani.

Da aka tayar da mota kuwa, tsakin nan ya tafi. Wata murya ta zo a madadinsa, mai kauri, har awakin da ke kwance a inuwar gareji suka miƙe. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na zaga gari sau biyu ba tare da wani dalili ba.

Ranar kasuwa na isa ruga da hantsi. Tun daga nesa shanu suka ɗaga kai, da na matso suka watse, sai da aka sha wahala kafin a tattaro waɗanda za a ɗora. Aka sa ɗan bijimi ɗaya da tumaki. Baffa ya shiga gaba, ya ajiye kwanon man shanu a tsakanin ƙafafunsa, saƙon matarsa ne zuwa ga 'yarta da ke aure a Mai'aduwa.

Muka kama hanya. Ya ja numfashi, ya sake ja, ya shafa idonsa ya ji a bushe. Ya ce, "Aradu, direba, ka gyara." Na ce ai sai da na je har Kano na zaɓo da kaina.

Ba mu yi nisa ba na ga yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ya ce, "Direba, wuta ka hura a ƙasa?" Na ce sabon ƙarfe ne, sai ya saba. Can sai warin roba ya tashi, takalminsa ne. Ya tattara ƙafafu ya ɗora kan kujera. Da ya tuna da kwanon ya buɗe, man ya zama ruwa tsaf, yana tangaɗi, rabi ya riga ya bi tabarmar mota.

Hanyar rugar ta amalanke ce, tayoyi sun ci gefe biyu sun bar tudu a tsakiya. Shekara da shekaru ina bi, ƙasan motata bai taɓa tudun ba. Ran nan da kaya a baya, muna gangara wani busasshen rafi sai na ji ƙum. Jonin da mai walda ya yi ya rabu. Ƙarar da ta biyo baya ban san da me zan kwatanta ta ba, ni dai na ga tsuntsaye sun bar bishiyoyi. Ɗan bijimin ya zabura ya tsinke igiya, ya dira daga mota ya nufi gida. 'Ya'yan Baffa suka bi shi da gudu. Ni da Baffa muka zauna a gindin wata aduwa da tumaki suna kallonmu. Shi sai juya takalminsa yake yi yana duba inda ya narke.

Sai bayan azahar, da yaran suka dawo na kuma ɗaure bututun da waya, muka shiga kasuwa. Manyan masu saye sun riga sun cika motocinsu. Babban ɗan bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Direba, mun gode da zaman tare." Kasuwa ta gaba motar mutumin Dutsi ce ta je rugar.

Na koma Kano ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Mai tsatsar yana nan inda muka bar shi. Injiniya ya ɗaura shi, ya mai da faifan zafi, aka nemo wata tukunyar salansa. Na tambaye shi, wato dogon nan jabu ne? Ya ce a'a, mai kyau ne ƙwarai. Na ce to me ya sa ya yi mini haka? Ya ce don mai kyau ne ga wata motar a wata hanyar. Na ce to mai tsatsar ya fi shi ke nan? Ya ce bai fi shi ba. Har yau ban gane wannan magana ba. Taubashina kuwa yana nan a kan bakansa, wai bijimi ya zaɓo mini, ni ne ban iya kiwo ba.

Sai da na yi sati biyu ina tattara ƙarfin hali, sannan na tafi rugar ranar da ba ta kasuwa ba. Shanu ko kai ba su ɗaga ba. Muka gaisa da Baffa, muka tambayi iyali da dabbobi, aka kawo mini fura. Ban ce komai game da mota ba, shi ma bai ce ba. Da na tashi tafiya ya rako ni, sai ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Ya ce in tayar. Na tayar. Ya sa aka rufe gilashi, ya daɗe yana shaƙa. Ya cire takalmi ya dafa ƙasa da tafin ƙafarsa, muka zauna haka motar na aiki har na fara jin barci.

Ya ce, "Shanu dai yara sun riga sun yi magana da wancan na Dutsi, ba zan tayar musu da ita ba."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya ce, "Tumaki da awaki kuwa nawa ne da na mata. Ka zo ranar kasuwa."

Na ce, "Kai fa, wace motar za ka shiga?"

Ya sa takalminsa ya fita, ya rufe ƙofar a hankali. Ya leƙo ta taga ya ce, "Inda awaki suke. Amma man shanu a waccan motar zan riƙa sa shi."