Takardar da Falke Ya Bari

Gidan da muka zauna a Birnin Kudu ba mu muka gina shi ba. Na wata tsohuwa ne mai kaɗi, wadda ɗanta ya bi fatake Gwanja. Shiru, shiru, har ta gaji ta koma wajen danginta a Gwaram.

Wata ranar kasuwa wani falke ya yi sallama, ya miƙo takarda naɗe cikin fata. Ya ce daga ɗan tsohuwar ce, yana nan da ransa. Maigidana ya ce ai ta tashi. Falken ya ce shi dai gida aka kwatanta masa, ga gida, ya sauke nauyi. Ya kora jakunansa.

A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, sai da na yi jika na ɗauki allo. Surukata kuwa, a wajenta duk abin da tawada ta taɓa magani ne. Washegari na tarar da ita da ƙwarya da ruwa, za ta wanke takardar ta sha saboda ciwon gwiwa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na fizge.

"Inna, wannan ba rubutun sha ba ne. Gaisuwar ɗan wata ce."

"To ba da sunan Allah ya fara ba?"

"Ko da shi ya ƙare! Gwiwarki ce ta haife shi?"

"Ji min bakin yarinyar nan!"

Maigida ya ce a soke takardar a jinka, a jira mai zuwa Gwaram. Na ce gara ba ta jira, cinye ta za ta yi, ni zan kai. Ya ce mahara na saukowa daga duwatsu. Na ce masu kai gishiri ma 'ya'yan mutane ne, kuma gobe za su tashi, zan bi su. Da ya ga na ɗaure ta a bakin zane, ya ce Allah ya kiyaye.

Ƙafafuna sun kumbura kafin mu isa. Gida gida na bi da tambaya har na sami tsohuwar, ta rame, mazarinta a gefe. An kira malamin unguwa ya karanta. Ta ce, "Malam, sake." Ya sake.

Sai ta juya wajen danginta da suka cika tsakar gida, ta ce, "Daga yau kada in ƙara jin an ce masa marigayi."