Zoben Ƙarshe a Tirmini

Duk Damagaram babu mai ƙarfin damƙa irina. Haka nake cika baki, har jiya da na tsinci awartakin maigidana mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, Allah ya haskaka kabarinsa.

Shi ba ya murɗa waya. Zoben jan ƙarfe yake sa mata, ya matse, ya fizga ya gani.

Sai na tuna wata bazara da wayar famfon garin Tirmini ta tsinke ya tsaya, aka kira mu, mata suka kewaye mu, kowace da bidonta na ɗibar ruwa wayam. Sai tsoho ya miƙo mini awartakin. Na matse, ya fizga, waya ta zame. Saura zobe ɗaya. Gumi har cikin takalmina! Ya ɗora tafinsa kan nawa, ƙas, ruwa ya zo.

Ya ce, "Ɗana, da na sani, da bakinka na sa ya matse."