Barau Baduku da Takalmin Hadi

A Basirka, in aka ce Barau, to baduku ake nufi, ko da yake akwai Barau mahauci. Tun yana ɗan shekara tara ubansa ya damƙa masa basilla. Aka sami 'yancin kai, aka yi yaƙin basasa aka gama, aka canja fam da sule zuwa naira da kwabo, shi dai yana rumfarsa ta gindin tsamiya, ƙafa ɗaya a miƙe, fata a kan gwiwa. Gafakar malamai, kuben wuƙa, guga, takalman manoma, da wuya ka shiga gida ba ka ga aikinsa ba. Mutumin kirki ne, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya, kuma ba ƙarami ba: in dai a kan fata ne, bakin Barau bai iya cewa "ban sani ba." Kai, ko fatar kada ka kawo masa, sai ya ce ai kakansa ya sha jeme ta.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan, ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Sorayen da suka tsattsage saboda rana suka shiga yoyo. Wata safiya, bayan an kwana ana tafkawa, sai ga Inna Kaltume, matar marigayi amininsa, ta tsaya a bakin rumfa da ƙunshi a ƙirji, mayafinta duk laka.

Kowa ya san labarinta. Ɗanta na fari, Hadi, ya shiga soja lokacin yaƙi. An gama yaƙi shekara huɗu ke nan, abokansa sun dawo, wasu da ƙafa ɗaya, shi ko wasiƙa babu. Kafin ya tafi ya sayo takalmi sau-ciki a Kano, sau biyu kawai ya saka, ya ce ta ajiye masa, da shi zai shiga gari ran da ya dawo. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, tana duba takalmin a kwandon da ke kan adakarta kusan kullum.

Ta kwance ƙunshin. "Malam Barau, ɗakina ya zubo a kan kayan yaron nan," in ji ta, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Don Allah ka dube shi. Kada ya zo ya tarar na ɓata masa."

Barau ya karɓa ya jujjuya. Bai taɓa riƙe irinsa ba. Fata ce, amma ba ta sheƙi. An goge ta har ta yi lallausan gashi kamar karan-miski, launinta ruwan ƙasa. Ta sha ruwa sharkaf, ta yi duhu, ga sawun jar laka a gefe. A nan ne fa ya kamata ya ce a nemi wanda ya sani. Ina! Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, wannan ne ya tashi hankalinki? Fata ai fata ce. Jibi ki aiko a karɓa."

Abin da ya gada shi ne, jiƙaƙƙiyar fata mai take so da rana, in ba haka ba ta bushe ta karye. Ya ɗauko kwalbar man shanu, ya lakato, ya murje ƙafar dama da shi ciki da waje. Man ya ƙare kafin ya kai ga ta hagu, sai ya tura ta ƙarƙashin bencinsa, ya ce sai matan Fulani sun shigo gobe. Ta damar kuwa ya ɗora a kan dutse, rana ta buɗe ta gasa ta har la'asar.

Da ya je ɗauka, sai ya tarar da ɓarna. Gashin nan ya kwanta ya manne, fatar ta yi baƙi dabbare-dabbare, bakin takalmin ya tanƙware sama kamar bandar kifi. Ya zuba toka ya goge, ya sa sabulu, ya sake shanyawa. Duk abin da ya yi, sai abin ya ƙara lalacewa. Da Inna ta aiko, ya ce bai gama bushewa ba. Wallahi kwana uku tuwo bai wuce masa da daɗi ba.

Ran na huɗu ya rufe rumfa, ya hau motar kasuwa zuwa Gwaram, daga can ya samu wata zuwa Birnin Kudu. An ce masa akwai wani Salihu mai gyaran takalma a bakin tasha, wanda ya koyi aiki a Kano. A haife Barau ya haife shi, amma haka ya durƙusa gabansa ya buɗe zabira, ya ce takalmin ɗan wata tsohuwa ne ruwa ya jiƙa.

Salihu ya ɗaga ta damar da yatsa biyu. "Subhanallahi! Baba, wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

Barau ya ce, "Ni ne."

Salihu ya ji kunya, ya sassauta murya. Ya ce irin wannan fatar, in ruwa ya taɓa ta, tsumma ake dannawa a tsotse ruwan, a cusa takarda a ciki don kada ta sauya siffa, a ajiye ta a inuwa inda iska ke bi, ta bushe a hankali. Ba ta son rana, ba ta son wuta. Mai kuwa, in ya shige ta, ya shiga ke nan har abada. Sai ya ɗauki ta hagun, wadda ta bushe da kanta a ƙarƙashin benci, ya bi ta da busasshen buroshi sannu-sannu. Lakar ta kakkaɓe, gashin ya miƙe, launin ya dawo. Barau na zaune yana kallo, ga shi ƙafar da bai taɓa ba ita ce ta tsira.

"Baba, ga shawara," in ji Salihu. "Mu shafe su duka biyun da baƙi. Tsohuwa ce, ka ce mata haka ake yi bayan ruwa."

Barau ya dubi takalman. Shawarar ta shige shi, ba a ɓoye ba. Amma ya girgiza kai, ya mayar da takalman cikin zabira, ya yi godiya.

Daga mota gidan Inna Kaltume ya wuce. Ya yi sallama a zaure, ta fito, ya ajiye su a gabanta. "Inna, na ɓata miki amana. Ban san wannan fatar ba, na ƙi faɗa. Ba ruwa ne ya kashe takalmin nan ba, hannuna ne."

Ya so ta zage shi, ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki ta damar, ta zura hannunta ciki, yatsunta suka tsaya a rabi.

"Ya tsuke," in ji ta a hankali. "Ƙafarsa babba ce, irin ta babansa. Ba zai shige shi ba." Ta ɗago ta dube shi da idon mai roƙo. "Malam Barau, ka auna da wannan mai kyan ka ɗinka masa wani da wuri, don ban san ranar isowarsa ba. In ya tambaya, kada ka ce komai. Ni zan ce ni na ɓata, ni ba zai yi mini faɗa ba."

Barau ya san abin da duk garin ya sani: Hadi ba zai dawo ba. Ya ce, "To, Inna."

Washegari ya zaɓo jar fata mafi kyau da yake da ita, ya ɗora ƙafar hagun a kai, ya zana, ya juya ya zana ta dama. Hawaye ya hana shi ganin layin, sai da ya goge ido sau biyu kafin ya sa wuƙa.