Likkafanin da Aka Saya wa Baba

Wata Laraba ce a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na dawo daga makaranta da gudu, riƙe da gwangwanin madara da ɗan dashen mangwaro a ciki, wanda malamin noma ya raba mana ya ce kowa ya je ya shuka a gida. Ina shiga tsakar gidanmu da ke unguwar Fezzan na tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta baza wani farin yadi a kan kwando, ta sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashi, hayaƙi yana ratsa shi. Ni a zatona kayan Sallah ne aka fara tanadi da wuri. Na ajiye gwangwani, na fizgo yadin na naɗa a jiki kamar lafaya, dogon mayafin nan na matanmu, na shiga rangwaɗa ina kwaikwayon tafiyar amare. Kaka ba ta taɓa dukana ba sai ranar. Ta ƙwace yadin, ta ce, “Ke fero, ba ki da hankali? Likkafanin ubanki ne!” Fero shi ne yarinya da Barbarci, kuma ba ta kirana da shi sai ranta ya ɓaci. Na waiga na ga Baba a bakin zaure yana wankin hula, lafiyarsa ƙalau, har yana ’yar waƙarsa.

Daga baya Ya Fanta, mahaifiyata, ta ja ni madafi ta yi mini bayani ƙasa-ƙasa tana tuƙa burabisko. Ashe sanannen abu ne a danginmu cewa mazan gidan ba sa kai hamsin. Kakanmu ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, bai kai mako ba ya cika. Wansa ma haka, ubansu ma haka aka ba da labari. Saboda haka da zarar namiji ya haura arba’in, sai uwarsa ko matarsa ta sayi yadi ta turara ta ajiye a akwati, shi kuma ya daina fara abin da zai daɗe. Ba ya aza sabon gini, ba ya sayen ɗan maraƙi, ba ya dasa itace. Kaka takan ce, “Abin da ke cikin jini, sabulu ba ya fitar da shi.” Da na kai wa Baba gwangwanina da yamma, ya shafa kaina ya yi murmushi ya ce, “Kai wa ƙaninki Modu ya shuka, ni wa zai ba ni in sha?”

Ni dama tun asali ba ni da zama, ’yan gida suna ce mini mai ƙaiƙayin ƙafa. Daga ranar kuwa abin ya koma ciki. In an aike ni niƙa, sai in bar kwano a layi in rugo gida in leƙa zaure. In ina sharar ganyen dalbejiya da safe, tsintsiya tana hannu, ido yana kan Baba. A makaranta ana ’yar gala-gala ko carafke, ina cikin cin wasa sai in watsar da duwatsu in tashi, ƙawayena su bi ni da zagi. Har katangar makaranta na haura lokacin tara, na sha bulala a kai, ban kuma daina ba. Nakan tarar da shi yana nan yadda na bar shi, ya jera hulunan mutane a kan ’yan gungumen itace suna shan rana, yana goge su da buroshi. Abin da ke tsorata ni shi ne yadda yake yawan dafe ƙeya yana runtse ido. In ciwon kan ya matsa, a kira wanzami ya kafa masa ƙaho, a zubar da baƙin jini a rami, kowa ya ce alhamdulillahi an cire mugun. Bayan kwana kaɗan ya sake dafe ƙeyar. Mangwaron kuwa ban kai wa Modu ba. Na haƙa rami a gefen wurin wankin hular, inda ruwan ɗauraya ke gangarawa, na dasa shi don taurin kai.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Mama Saratu, wata ’yar Biu mai aikin jinya a asibiti, mijinta kuma malamin makaranta. Katangar gajeruwa ce, ta nan ake miƙa wuta da gishiri, ta nan tuwon Sallah ke tsallakawa, na Kirsimeti ya dawo. Ni ma ta nan nake dira in na gudo daga wanke-wanke. Na sha ganin tsofaffin unguwa suna zuwa wurinta, ta naɗa musu wani ƙyalle a dantse, ta yi ta matsa ’yar roba, ta sa abu a kunne tana saurare. Wata rana ina taya ta tsinke yakuwa, sai kawai kuka ya ƙwace mini, na zayyane mata komai, har da yadin. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce in yi haƙuri ba. Ta tambaye ni yadda Kakanmu ya faɗi da inda Baba yake dafewa, sannan ta wanke hannu ta ɗauki jakarta.

Ta ƙofa ta shigo da sallama, ba ta katanga ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka da wushe, wato sannu da Barbarci, ta kifa turmi ta zauna, ta ce ta zo ganin hannun maigida. Baba ya shiga kame-kame, wai sabulu ne a hannunsa, wai kuma ina amfanin tonon abin da aka riga aka sani. Kaka ta ɗaure fuska ta ce, “Jinin gidan nan na san shi tun ba a haife ki ba.” Mama Saratu ta ce, “Gaskiyarki, Kaka. Ai ni ma jinin na zo gani. Kuma yau ba ni da aiki, a nan zan yi magariba.” Kunyar maƙwabtaka ce ta sa Baba ya miƙa hannu, yana kallon gefe. Ta auna, ta sake aunawa. Sai ta ce sunan abin hawan jini, ana gadonsa kamar yadda Kaka ta faɗa, amma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi in ana sha kullum, kuma gobe da safe ita za ta raka shi wurin likita. Ta juya ga Ya Fanta ta ce a rage gishiri da kanwa. Baba ya fi jin zafin wannan fiye da zancen asibitin, don shi miya in ba ta ji gishiri ba ruwa ce.

Baba yana da ƙane, Baba Gana, uwa ɗaya uba ɗaya, har muryarsu ba a bambancewa. Shi yana ƙauye yana noman dawar masakwa a firgi, baƙar ƙasar nan da in ruwa ya sauka take zama laka mai riƙe ƙafar sa, balle tayar mota. Duk kaka yakan zo mana da buhun dawa da bandar kifi, ya ɗaga ni sama ya ce na yi nauyin tunkiya. Da Baba ya ga ciwon kansa ya lafa, sai ya kama ƙanen nasa da ya zo, ya kai shi aka auna, aka ce shi ma haka. Daga nan duk wata Baba yakan ƙulle ƙwayoyi a leda ya ba direban motar kasuwa ya kai masa. Da rani abin yana tafiya daidai. Da damina ta kankama kuwa hanya takan rufe, ledar ta yi ta zama a aljihun Baba, shi kuma ya yi ta zarya tasha yana tambayar ko akwai mai shiga.

A irin wannan damina ce, ina ajin ƙarshe na firamare, wani mutum ya iso da hantsi, laka har gwiwa, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Baba Gana ya faɗi a gona. An ɗora shi a amalanken shanu za a fito da shi bakin titi, amalanken ya kafe, a nan rai ya yi halinsa. Kaka ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta fito da yadin nan da na taɓa naɗawa, ƙamshin turaren bai ma gama fita ba, ta miƙa wa Baba. Ya karɓa, ya bi mutumin, ledar ƙwayoyin tana aljihunsa. Ban taɓa jin baƙin ciki haɗe da kunya irin na ranar ba, don a can ƙasan raina akwai wani abu da ke godiya cewa ba Baba ba ne.

Kaka ba ta ƙara sayen wani yadi ba. Baba ya wuce hamsin yana ƙorafin miya, ya aurar da mu, ya yi furfura, haƙoransa suka zube. Mangwarona ya girma ya rufe wurin wankin hula, sai ya zama a ƙarƙashinsa yake yini, jikoki suna yanka masa ƙanana yana tsotsa yana cewa ya cika zare. Ajali na Allah ne, na yarda, kuma da nasa ya zo a kan tabarmarsa ya same shi, tsoho tukuf.

Yanzu ni ma na haura arba’in, kuma Kaka ba ta yi ƙarya ba, abin yana jikina, da ƙwaya nake karya kumallo. Kemis ya cika gari, abin awon ma na saya yana jakata, amma zaman nan har yau ban iya shi ba. Modu yana unguwar Maisandari, ya fara dafe ƙeya, in na yi magana ya ce, “Yaya, jinin gidanmu ne, ki bar ni.” Duk Asabar nakan hau keke in je, in kifa turmin matarsa in zauna, in ce a nan zan yi magariba. Mama Saratu ta daɗe da komawa Biu, sababbin masu gidan sun ɗaga katangar har ba a jin tarin juna. Ina matsa robar a dantsen Modu, nakan tuna mutum biyun nan masu murya ɗaya da jini ɗaya. Baba gajeruwar katanga ce tsakaninsa da magani, Baba Gana kuwa lakar damina ce.