Hancin Kulsumi da Motar Albashir

Duk wanda ya ci kifin banda a Argungu har ya lashe yatsa, da wuya in ba ta hannun Kulsumi ya biyo ba. Shekara talatin da 'yan kai tana tsaye kan murhun banda a bayan gidansu. Hayaƙi ya cinye mata zannuwa, ya rina mata farce, amma ya bar mata hanci. Tana cikin ɗaki take gane an tura ɗanyen ice a wuta. Mijinta ma ba wa'azi ne ya raba shi da taba ba, gajiya ya yi da kamu.

Ƙanenta Albashir ke kai mata kaya Birnin Kebbi duk Talata, a wata a-kori-kura da ta girmi 'ya'yansa duka. Tun bayan sallar layya motar ta soma hayaƙi, irin wanda 'yan acaɓa ke tsayawa gefe sai ya wuce. Albashir bai damu ba, tun da shi a gaba yake zama. Kifi ne a baya.

Hajiya Riskuwa, mai gidan abinci a unguwar Gesse, ita ke kwashe rabin abin da Kulsumi ta kyafe. Wata Laraba ta bugo waya.

"Kulsumi, kifinki warin gareji shika yi. In na Talata mai zuwa ya zo haka, Yawuri za ni koma saye."

Washegari Kulsumi ta shige gaban mota da kanta, sai garejin Dankure a Badariya. Dankure bakanike ne wanda ko hon ya mutu sai ya fara maganar sauke inji. Ya sa Albashir ya taka totur, ya ja da baya yana fifita da hula.

"Ringin cikin inji ya cinye. Sai an sauke inji. Sati biyu, in Allah ya so."

"Talata nika so," in ji Kulsumi.

"Inna, mota fa ba tarwaɗa ba ta, da za a juya ta ta gasu."

Ba ta kula shi ba. Ta tattare zani ta tsuguna bayan salansa, ta janyo hayaƙin da tafin hannu zuwa hancinta, kamar mai turare.

"Auta, ƙara wuta."

Albashir ya ƙara. Masu wucewa suka fara rage tafiya.

"Dankure, ni ban san ƙarfe ba, amma na san hayaƙi. In ice na da ruwa, fari shika yi. In wuta ta rasa iska, baƙi. Wanga kau shuɗi-shuɗi na, mai ƙauri. Haka murhuna ka yi in kitsen kifi ya yi yawa yana zuba cikin garwashi."

"To ai shi na ce, Inna. Baƙin mai taka ƙonawa."

"Na ji. Wa ka ɗura mata shi har ya yi yawa?"

Dankure ya buɗe bonet don ya kashe maganar. Ya kai hannu inda sandar awon mai take, ya zaro totuwar masara.

"Albashir, mi na wanga?"

"Toshi na. Sandar ta faɗi a hanyar Augie tun damanar bara."

"To da mi kaka auna mai?"

"Ba ni aunawa. Mai cikin gwangwanin madara guda nika zuba mata duk safiya, yadda maigidana Labbo ya koya min. Ya ce tsohuwar mota ba a barinta da ƙishi."

Dankure ya jefar da totuwar gefe.

"Lokacin tana yoyo ke nan. Ba ni na toshe maka yoyon ba kafin salla?"

"Ka toshe. Amma ba ka ce in bari ba."

Aka kwance ƙasan inji. Man da ya fito ya cika roba, aka kawo ta biyu. Dankure ya ciro sandar awo daga wata gawar mota irinta da ke kwance a gefe, ya zuba mai daidai layi, ya ce a zaga da ita ta ƙone abin da ya taru a salansa. Suka zaga unguwar Nasarawa sau biyu suna yi wa jama'a turare. A zagaye na uku hayaƙin ya koma siriri.

"Ringin ma fa ya gaji," in ji Dankure, don kada a tashi bai ci komai ba.

"Kowa ya gaji, ɗan nan. Ta dai kai Talata," in ji Kulsumi.

Ranar Talata Kulsumi ta lulluɓe kwanduna da tabarmi biyu, ta biyo kayan har Gesse. Hajiya Riskuwa ba ta amsa gaisuwa sosai ba. Ta tura hannu can ƙasan kwando ta zaro tarwaɗa, ta karya, ta shinshina. Ta sake zaro wata daga kwandon da ya fi kusa da salansa. Wannan sai da ta gutsura ta tauna.

"Albashir, shigo da su duka."

Kulsumi ta juya za ta nemi wurin zama, Hajiya ta riƙo mata gefen mayafi, ta rage murya.

"Tun da kin zo, zagaya baya ki shinshina min janareto. Kwana uku ke nan ba ni gane kanshi."