Ambo Sakka Mai Ta da Gidaje

Shekara arba'in Ambo Sakka ya yi yana ta da gidaje a ƙauyensu na ƙabilar Bugis, a Indonesiya. Da an sauko daga Juma'a, maza ɗari za su shiga ƙarƙashin gidan katako, su saɓa sandunan gorar da ya ɗaure. Tsawa ɗaya zai yi, gida ya tashi ya kama hanya. Tun kakanni, abin da suke kira ƙaura ke nan.

Rannan 'yarsa Tenri ta bugo waya daga birni. "Baba, mun ƙaura."

"Mutum nawa suka ɗauka?"

"Gidan siminti ne fa, Baba. Can muka baro shi."

"Kuka baro shi? To ba ƙaura kuka yi ba, 'yar nan, gudu kuka yi."